WA ZAI AUNA TURANCIN MALAMI? A AMURKA AN FARA SA ƊALIBAI CIKIN SHAWARA

Wannan makon ƙasar Amurka za mu leƙa, don mu duba wata magana wadda ta fi shekara 40 tana ta da ƙura a jami'o'insu, ta kuma shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu masu zuwa can neman ilmi mai zurfi. Maganar kuwa ita ce, idan baƙo ya zo daga wata ƙasa aka damƙa masa aji ya koyar, wa zai yanke hukunci cewa Turancinsa ya isa? Masanan harshe kaɗai za a bar wa aikin, ko kuwa yaran da za su zauna gabansa su ma a ba su dama su sa baki?

Kada wani ya ce ina ruwanmu da abin da ke faruwa a bayan teku. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya fiye da dubu 20 ne aka ƙidaya a makarantun Amurka, watau a waccan shekarar Nijeriya ce ta bakwai a duniya wajen aika ɗalibai can, ita ce ta ɗaya a Afirka, kuma fiye da rabinsu digiri na biyu ko na dakta suka je yi. Yaron da aka haifa a Sabon Badun ko Agege ko Shagamu, ya yi digirinsa na farko a Ikko ko Badun ko Zariya, in ya sami wannan hanya, to, jarrabawar da za mu yi bayani tana nan tana jiransa a bakin ƙofa.

Ga yadda abin yake. A manyan jami'o'in Amurka shehun malami yakan tara ɗalibai ɗari uku ko fiye a babban zaure ya yi musu lacca sau biyu ko uku a mako. Daga nan sai a rarraba su ƙananan azuzuwa na mutum ashirin ko talatin, a ba kowane aji mataimakin malami. Shi wannan mataimaki ɗalibi ne shi ma, amma mai neman babban digiri. Shi ke warware musu lissafin da ya gagara, shi ke tsayawa kansu a ɗakin gwaje-gwaje, shi ke duba musu takardu, kuma yana da sa'o'in da yake zama a ofis don mai tambaya ya same shi. Ladan aikinsa shi ne a ɗauke masa kuɗin makaranta, a kuma riƙa ba shi alawus da zai biya haya ya ci abinci. Bizar ɗalibta ba ta ba shi izinin fita gari ya nemi aiki yadda ya ga dama, kuma ko cikin makarantar ba zai wuce aikin sa'a 20 a mako ba muddin ana zangon karatu. Saboda haka ga mai ƙaramin ƙarfi wannan aiki shi ne karatun gaba ɗaya. In ya kuɓuce masa, abin da ya rage sai haɗa kaya.

Tun daga ƙarshen shekarun 1970 'yan ƙasa suka rage shiga manyan digirin lissafi da kimiyya da injiniya, baƙi daga Taiwan da Sin da Koriya da Indiya da sauransu suka cike gurbin. Nan da nan sai kuka ya tashi. Yara suna koma wa iyayensu suna cewa ba sa jin abin da malam ke faɗa, iyaye kuwa, da yake su ke biyan kuɗi, suka dunguma wurin 'yan majalisa. Jihar Oklahoma ta yi doka a 1982, Fulorida a 1983, Ohio a 1986. A jihar Illinois gwamna ya ƙi sa hannu, 'yan majalisa suka tsallake shi suka zartar da ita. Pennsylvania ta yi tata a 1990, har da tarar dala dubu 10 a kan kowane darasi da aka bari wani ya koyar ba tare da an tabbatar da Turancinsa ba. Wadda ta fi zafi ita ce shawarar da wata 'yar majalisa, Bette Grande, ta kawo a jihar Dakota ta Arewa a 2005, inda ta nemi a bar ɗalibi ya fita daga darasi a mayar masa da kuɗinsa in ya rubuta cewa ba ya gane malaminsa, in kuma masu ƙorafin sun kai ɗaya cikin goma na ajin a janye malamin. Sai da aka rage mata kaifi ƙwarai kafin ta wuce.

Jarrabawar Kaset

Da doka ta zo, dole a nemo ma'auni. Abin da ke hannu a lokacin shi ne jarrabawar magana ta hukumar ETS da ke Princeton, watau hukumar da ke shirya TOEFL. Sunan jarrabawar TSE, tana kuma da ƙanwa mai suna SPEAK wadda ake sayar wa jami'o'i su yi wa mutanensu su ba da maki da kansu. Mutum zai zauna shi kaɗai gaban rikoda kamar minti ashirin, a nuna masa hotuna ya ba da labarinsu, a ba shi taswira ya yi kwatancen hanya, a ba shi jadawali ya sanar da canjin lokaci. Daga baya alƙalai su saurari kaset ɗin. Bayan gyaran da aka yi mata a 1995 makin yana tashi daga 20 zuwa 60, jami'o'i da yawa kuma 50 suke nema. An daina TSE a 2010, domin tun 2005 TOEFL ta intanet ta zo da nata sashen magana.

Aibin wannan hanya a fili yake. Rikoda ba ta ɗaga hannu. Ba ta katse ka ana tsakiyar bayani ta ce ba ta gane ba, ba ta yi maka tambaya da Turancin samari mai haɗiye rabin kalmomi, ba ta ɓata fuska. Sai ga mutum ya ci jarrabawa da maki mai kyau, ya shiga aji, yaro ya jefo masa tambaya daga baya, ya tsaya yana kallonsa. Wani kuma kaset ya ruɗa shi ya faɗi, alhali in ka ba shi alli da allo da darasin da ya sani, sai ka rantse shekara goma ya yi yana koyarwa.

Wannan ne ya sa waɗansu jami'o'i suka ce bari a kawo ajin cikin ɗakin jarrabawa. A Jami'ar Jihar Iowa, cikin shekarun 1980, aka ƙirƙiro jarrabawa mai suna TEACH. Ana ba mutum 'yan shafuka daga littafin 'yan ajin farko na fanninsa, a ba shi lokaci ya shirya, sa'an nan ya tsaya gaban ɗalibai na gaske ya koyar na 'yan mintoci, su kuma su yi masa tambayoyi, ana ɗaukar hoton bidiyo. Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles ta bi irin wannan sawu da tata mai suna TOP. A can mutum yakan gabatar da kansa, ya bayyana tsarin darasin zango kamar ranar farko ta aji, sa'an nan ya koyar da wani abu daga fanninsa. Ɗaliban digirin farko da aka horar, ake kuma biyansu, su ke zama masu tambaya, alƙalai na gefe suna ba da maki a kan lafazi, da nahawu da kalmomi, da tsara bayani, da yadda mutum ke karɓar tambaya.

To, a nan yaran sun shigo ɗaki, amma kujerar alƙali ba tasu ba ce. Muhawarar da ake yi yanzu ta wuce nan. Masu ra'ayin a ƙara jawo su suna cewa a fara da su tun daga tushe, watau a tara su a tambaye su wane irin aiki ne na malami in ya kasa yi suka fi wahala, a kunna musu bidiyon malamai daban-daban su faɗi da bakinsu abin da ya sa suka gane wannan suka kasa gane wancan, sa'an nan daga kalmominsu a gina takardar ba da maki. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Malamin da ya shekara ashirin yana koyar da baƙi Turanci kunnensa ya riga ya saba, yana jin Basine da Bakoriye da ɗan Nijeriya kamar yadda dillalin kara ke jin kowane bako da ya zo sayen shanu. Yaro ɗan shekara 18 da ya fito daga ƙauyen da bai taɓa zama da baƙo ba, nasa kunnen daban ne, kuma shi za a koyar.

Binciken Hoton Nan

Sai dai akwai wani bincike da duk mai wannan ra'ayi dole ya tsaya ya amsa shi. A 1992 wani malami a Jami'ar Jojiya, Donald Rubin, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da ɗalibai 62. Ya sa wata mata haifaffiyar Amurka, wadda ta tashi a tsakiyar jihar Ohio, ta karanta lacca ta kamar minti huɗu a kaset. Ya kunna wa ɗaliban, yana haska musu hoton mace a matsayin ita ce malamar. Waɗansu aka nuna musu Baturiya, waɗansu aka nuna musu 'yar ƙasar Sin. Murya ɗaya ce, kaset ɗaya ne. Waɗanda suka ga fuskar 'yar Sin suka ce sun ji karin harshen baƙi a maganarta. Abin bai tsaya nan ba, da aka ba su rubutun laccar da guraben da za su cike, sai suka kasa waɗanda suka ga Baturiya. Watau ido ya riga kunne yanke hukunci, har ya toshe shi.

Ba sai an yi wa mazaunin kudu dogon sharhi a kan wannan ba. Wanda ya taɓa shiga ofis ko banki da doguwar riga da hula, ya buɗe baki da Turanci mai kyau, aka amsa masa da Burokan ana ɗaga murya kamar ana magana da kurma, ya san abin da Rubin ya auna. Tun kafin ka ce uffan an gama sanin yadda za a ji ka.

Saboda haka masu adawa suka ce, in ka ba irin waɗannan yara alƙalami su ba da maki, ka ba kura ajiyar nama. Wani bincike da Ching-Ni Hsieh ta yi a Jami'ar Jihar Michigan a 2011 ya nuna cewa ɗalibai sun fi malaman Turanci tsanani wajen hukunta karin harshe da wuyar ganewa. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba, yaron da lissafi ya kayar ya fi son a ce harshen malam ne ya kayar da shi. Masana tattalin arziki ma sun shiga maganar ba su daidaita ba. George Borjas na Harvard ya ce a 2000 ya ga alamar makin ɗalibai na raguwa a hannun baƙin mataimaka, amma binciken da aka buga a 2002 daga Jami'ar Jihar Ohio, inda ake tantance su a horar da su kafin su shiga aji, bai ga wata illa ta a zo a gani ba.

Ni dai a nawa ganin binciken Rubin bai isa ya sa a kori yaran daga shawara ba, ya dai nuna inda ya kamata a zaunar da su. Dalili kuwa, in aka bar tambayarsu ko malam ya iya Turanci, aka koma tambayarsu a daidai wane wuri suka ɓace, amsar da ke fitowa mai amfani ce ƙwarai, kuma sau da yawa ba ta da dangantaka da abin da suka fara kuka a kai. Yaro zai ce lafazi ne, domin ita ce kalmar da ya sani. In aka bi diddigi sai a tarar wani abu ne dabam.

Dubi abin da Andrea Tyler ta yi a 1992. Ta rubuta bayanin da wani ɗalibi Basine ya yi da wanda wani ɗan ƙasa ya yi, ta ba Ba'amurke ya karanta duka biyun da bakinsa, watau an kawar da maganar lafazi ke nan. Duk da haka masu saurare suka ce na Basinen yana da wuyar bi. Abin da ya ɓace shi ne 'yan kalmomin nan da ke nuna wa mai saurare hanya, waɗanda ke cewa ga babbar magana, ga misalinta, yanzu mun gama wannan za mu shiga wancan. Mai wa'azi ko mai ba da labari a Hausa ya san amfanin "to", da "ka ji fa", da "abin da ya sa na faɗi haka". Cire su ka gani ko jama'a za su bi ka. Haka kuma Laura Hahn a Jami'ar Illinois, a 2004, ta sa mutum ɗaya ɗan Koriya ya karanta lacca ɗaya sau uku, sau ɗaya yana danna murya a kan kalmar da ta dace a kowace jimla, sau ɗaya a kan wadda ba ta dace ba, sau ɗaya kuma ba ya danna ko'ina. Ɗalibai 90 aka raba wa. Waɗanda suka ji ta farko sun fi tuna abin da aka faɗa, sun kuma fi yabon malamin. Wannan ya shafi 'yan Nijeriya kai tsaye, domin Turancinmu, na Bahaushe da na Bayarabe da na Ibo duka, yakan ba kowace gaɓa nauyi kusan ɗaya, Ba'amurke kuwa da wannan nauyin yake gane inda maganar take. Musayar "p" da "f" da ake yi wa Bahaushe dariya a kai ba ta kai wannan ɓarna ba. Tun 1995 ma masu bincike biyu a Kanada, Munro da Derwing, suka nuna cewa mutum na iya kasancewa da karin harshe mai kauri ƙwarai amma a gane duk kalmar da ya faɗa.

Ita kanta hukumar ETS ta koma ga yaran don ta gwada ma'auninta. A wani aiki da aka buga a 2012 ta kunna wa ɗaliban digirin farko amsoshin masu jarrabawar TOEFL, ta yi musu tambayoyi a kan abin da suka ji, ta kwatanta da makin ƙwararrun alƙalanta, aka tarar suna tafiya tare sosai. Watau in aka tara yara da yawa aka tambaye su abin da suka fahimta, son zuciyar ɗaya ko biyu yakan narke cikin taron.

Kunne Ma Yana Koyo

Wani amfanin jawo ɗaliban, wanda ba a yi zatonsa da fari ba, shi ne su ma suna canzawa. Okim Kang da Rubin da Stephanie Lindemann sun buga a 2015 yadda suka haɗa ɗalibai 'yan ƙasa da baƙin mataimaka a ƙananan rukuni, aka ba su wani wasan warware asiri wanda kowa ke riƙe da guntun bayani, ba mai iya kai wa ga amsa sai ya saurari ɗan'uwansa. Zama ne na ɗan lokaci kaɗan. Bayan haka da aka sa yaran su sake auna muryoyin baƙin malamai, sai suka ce sun fi ganewa, suka kuma ƙara musu maki a iya koyarwa. Su malaman ba abin da ya canza a bakinsu.

Dattawanmu da suka yi sakandare ko kwalejin horon malamai a Arewa cikin shekarun 1970 za su tuna malaman Indiya da Pakistan da Filifin da Gana da gwamnatocin jihohi suka ɗauko, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya sa makarantu sun cika sun batse. Makon farko ba mai jin abin da Ba'indiye ke cewa, sai kallon allo. Kafin zango ya ƙare kuwa har ana kwaikwayonsa a ɗakin kwana, kuma da wannan Turancin aka ci lissafi da kimiyya. Ba wanda ya tambayi yaran lokacin ra'ayinsu, balle a yi wa malam jarrabawa, haƙuri da sabo ne suka yi aikin. Bambancin da ke akwai shi ne ɗalibin Amurka kuɗi masu yawa yake biya, sau da yawa ma bashi ne, zangonsa kuma mako 15 ne ko ƙasa da haka, in ya yi mako huɗu yana lalube an wuce shi.

Akwai kuma masu koyo na biyu a cikin wannan magana waɗanda aka fi mantawa da su, watau su baƙin da ake yi wa jarrabawar. Su suka san abin da ke faruwa da su a aji, kamar yaron da ke tambaya yana tauna cingam, ko mai zuwa ofis yana rigima a kan maki, ko gargaɗin gaggawa da za a yi wa wanda ke shirin zuba ruwa cikin asid. Wanda bai taɓa tsayawa ɗakin gwaje-gwaje ba ba zai tuna ya sa irin wannan cikin jarrabawa ba. Inda ake gwada sabbin tambayoyi a kansu kafin a fara amfani da su, a kuma ji ra'ayinsu, jarrabawar kan fi kama da aikin, su kuma sukan rage ganinta kamar shingen da aka kafa don a wulakanta su. Wannan jin zafin gaskiya ne, musamman ga ɗan Nijeriya ko Ba'indiye wanda tun firamare da Turanci yake karatu. Jami'o'i da dama sukan ɗauke wa ɗan Nijeriya TOEFL wajen shiga, amma wannan ba ya nufin an ɗauke masa ta koyarwa, kowace jami'a da nata tsarin, waɗansu sukan ɗauke, waɗansu ba sa ɗaukewa.

A gida kuwa, abin ban dariya ne da ban takaici. Jarrabawar Turancin baka da yaranmu ke yi wa hukumar WAEC a ƙarshen sakandare, a takarda ake yinta, tambayoyi 60 na zaɓi ɗaya cikin huɗu, yaro ya zaɓi kalmar da ke da sauti irin na wata ba tare da ya buɗe baki ba. Jami'o'inmu ma suna ɗaukar matasa masu digirin farko a matsayin mataimakan malamai, takardunsu ake dubawa, a yi musu 'yar ganawa, shi ke nan.

Wanda ke da ɗa ko ƙane mai shirin tafiya, ya gaya masa tun takardar ɗauka ta zo ya rubuta wa sashensa ya tambaya ko akwai jarrabawar magana kafin a ba shi aji, wace iri ce, yaushe ake yinta, kuma in bai ci ba me zai sami alawus ɗinsa. A wurare da yawa cikin makon farko na isowa ake yi, mutum bai ko gama warware gajiyar jirgi ba. Mafi yawan jami'o'in ba sa kora a faɗuwar farko, sukan sa mutum kwas na zango ɗaya ya sake gwadawa, a ba shi duba takardu kafin nan, amma waɗansu sassan suna da iyakar lokacin da za su ci gaba da biyan wanda ba ya shiga aji. Ya samu ƙannensa na sakandare ya koyar da su darasi ɗaya na minti goma da Turanci, ya ce su katse shi duk inda suka ɓace, ya ɗauki abin a waya ya saurara.